Nawa ne na guda? Amsa kan lissafin kaso, farashi da daidaito

Tambayar ta fito daga wani mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kawowa Maradi, yana kuma taɓa noma. Ɗansa da ke ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya kawo masa aikin gida na ƙa'idar uku da ake koya musu a lekol, wato a ba ka lambobi uku ka nemo ta huɗu, ya ga abin ya yi kama da lissafin da yake yi kullum da ka, amma ya rasa inda ake ninkawa da inda ake rabawa. Yana son a bambance masa "uku bisa biyu" da "kaza a kowane kaza", a kuma gaya masa dalilin da ya sa wani lokaci in abu ya ƙaru ɗayan ma ya ƙaru, wani lokacin kuma ya ragu.

Alhaji, lissafin nan kana yin sa tun kafin yaron ya shiga lekol. Duk wanda aka ce masa dala ɗari da hamsin ya miƙa sefa 750 ba tare da ya tsaya tunani ba, ya san daidaito. Dala guda sefa 5 ce, jika guda dala 200 ce, wato sefa 1,000, kuma wannan alaƙa ta biyar da ɗaya ba ta sauyawa ko kuɗin kaɗan ne ko buhu ne. Mai son mai da sefa dala da sauri sai ya ninka biyu ya jefar da sifili guda: 750 ta zama 1,500, ta zama 150. Abin da ƙa'idar uku ta ƙara a kan haka shi ne tsari a takarda. Gindinta tambaya ɗaya ce: nawa ne na guda? In ka samo na guda, saura ninkawa ce.

Abubuwa uku ne ka haɗa a tambayarka, kuma gara a raba su.

Na farko shi ne kaso: gwama abu biyu da aka auna da ma'auni iri ɗaya, kuɗi da kuɗi, baro da baro, tiya da tiya. A ce kai ka zuba jika 300 a sayen wake, abokin cinikinka ya zuba jika 200, aka ci ribar jika 80. Kasonku uku ne da biyu. Ka haɗa uku da biyu, kashi biyar ke nan. Ka raba 80 gida biyar, kowane kashi jika 16. Kai ka ɗauki uku, jika 48, shi ya ɗauki biyu, jika 32. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ji "uku da biyu" a ɗauka mai ƙaramin jari yana da biyu cikin uku na ribar, ko kuma rabinta. Biyu cikin biyar yake da ita. Lambobin kaso suna gwama wannan ɓangare da wancan ne, ba ɓangare da jimilla ba, don haka kafin a taɓa kuɗin sai an haɗa lambobin an san yawan gidajen da za a raba.

Idan kuɗin ba su daɗe daidai a cikin cinikin ba, kuma kun yi yarjejeniya tun farko cewa za a duba lokaci, sai a ninka jarin kowa da watanninsa. Naka 300 sun yi wata shida, 1,800. Nasa 200 sun yi wata uku, 600. Kaso ya koma uku da ɗaya, gida huɗu, kai jika 60 shi jika 20.

Hanyar ɗaya ce da ta rabon gado tsakanin ƴaƴa, inda namiji ke da rabon mata biyu. A ce bayan biyan bashi da wasiyya an bar sefa 1,600,000, magada kuma mata ɗaya ce da ƴaƴa maza biyu da mata uku, babu iyayen mamacin. Matar ta ɗauki tumuninta, ɗaya cikin takwas, 200,000. Saura 1,400,000. Maza biyu kashi huɗu, mata uku kashi uku, gida bakwai, kowane gida 200,000. Kowane namiji 400,000, kowace mace 200,000. Lissafin kawai na nuna a nan. Tantance wane ne magaji da wanda aka katange aikin malamai ne da alƙali.

A wajen gini ne kaso ke da wata gardama da ya kamata duk mai sayen siminti ya sani. Kankaren ginshiƙi da dakali na sama, wanda ake sa wa ƙarfe, yawanci ana haɗa shi a kan kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato lita 1,000 na kankare. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu bakwai, da yashi wajen lita 400, da tsakuwa wajen lita 800. Raba komai gida bakwai ka samo na buhu guda: yashi lita 57, tsakuwa lita 114. Shi ya sa magina ke cewa buhu guda, baron yashi guda, baron tsakuwa biyu, don baron da suke nufi mai cin lita 60 ne. Ruwa kuma kimanin rabin nauyin simintin, wajen lita 25 a buhu.

To duba nan: yashi 400 da tsakuwa 800 sun riga sun kai 1,200, ga kuma simintin, amma kankaren da zai fito lita 1,000 ne. Ba sata aka yi ba. Yashi yana shiga ramukan da ke tsakanin tsakuwa, siminti da ruwa su shiga ramukan da ke tsakanin yashi. Wanda ya auna ramin da zai cika ya raba shi kai tsaye bisa kason haɗin, kayansa za su ƙare aiki bai kai ba. Daga yawan kankaren da ake so ake farawa. Ginshiƙi mai santimita 20 a kan 20 da tsawon mita 3 yana cin mita kubik 0.12. Guda goma, 1.2. Siminti 7 sau 1.2, buhu 8.4, ka sayi tara. Yashi lita 480, baro takwas. Tsakuwa lita 960, baro goma sha shida. Kuma kada a yarda da baro don sunansa baro: a juye masa jarka uku masu lita 20, a ga inda ruwan ya tsaya, a ja layi da fenti. Yashi mai danshi yana kumbura, baro ya cika ido amma yashin bai kai ba, yana kuma ɗauke da nasa ruwan, don haka da damina ana rage ruwan da ake zubawa. Ruwan da lebura ke ƙarawa don kwaɓin ya yi masa laushi a shebur shi ne ke rage ƙarfin ginin.

Abu na biyu shi ne gwama abubuwa masu ma'auni daban: sefa a kowace tiya, kilomita a kowace awa, lita a kowace hekta, naira a kowace jika. Nan ne sana'arka take, kuma nan ne lamba ba ta da amfani in ba a faɗi ma'auninta ba.

A ce a kasuwar Mayahi an yi maka tayin buhun hatsi a sefa 26,000, a gefe kuma ana auna tiya a 700. Ba za a iya gwada su ba sai an mai da su ga abu guda. In tiyar mai kilo biyu da rabi ce, buhun kilo 100 zai ba da tiya 40, kowace ta kama 650, buhun ya fi sauƙi. Amma in ka zazzage ka auna ka sami tiya 36, to 26,000 gida 36 ya ba da 722, ka sayi tsada kana murna. Ko da 40 ɗin ta cika, farashin da za ka yi aiki da shi a rumfa ba 650 ba ne. Ƙara kuɗin mota, a ce 1,000, dako 200, buhun kansa 300: ya zama 27,500, kowace tiya ta tsaya maka a 687 da rabi. Mai sayarwa a 680 yana ganin yana cin 30, alhali uwar kuɗi yake ci. Sannan tiyar saye da tiyar sayarwa su zama ɗaya, ko a san bambancinsu da sikeli. Kwanon da ya fi wani da gram 100 kacal, a awo 40 ya kai kilo huɗu, fiye da tiya ɗaya da rabi.

Akwai wani kuskure da har masu boko ke faɗawa. Ka sayi tiya 10 a 600, ka sayi tiya 30 a 700, ka zuba su wuri ɗaya. Tsakiyar 600 da 700 ita ce 650, amma ba ita ce farashin hatsinka ba, don na tsadar ya fi yawa. Haɗa kuɗin duka, 6,000 da 21,000, ya zama 27,000, raba da tiya 40: 675. Haka yake a tafiya. Daga Maradi zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne. Motar da ta je da gudun 80 a awa ta yi awa uku, ta dawo da gudun 60 ta yi awa huɗu. Matsakaicin gudunta 480 gida bakwai ne, 68 da ɗoriya, ba 70 ba, saboda ta fi daɗewa a kan hanya tana tafiya a hankali. Ba a haɗa farashi biyu a raba biyu sai in yawan kayan ɗaya ne.

Canjin kuɗi shi ma wannan ne. Na sefa da yuro a ƙulle yake tun 1999, yuro guda sefa 655.957. Na naira kuwa yana motsi, kuma ƴan canji sukan faɗi naira nawa ce a jika guda. A ce 2,500 ce. Kayan naira 40,000 a Jibiya ko Katsina, raba da 2,500, jika 16. In canjin ya sauka zuwa 2,000, kayan nan dai sun zama jika 20. Lura da abin da ya faru: canji ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, 500 cikin 2,500, amma abin da ya fita daga aljihunka ya ƙaru da kashi 25, jika 4 a kan 16. Kashi cikin ɗari kullum a kan wani tushe ake auna shi, in tushen ya sauya lambar ta sauya. Shi ya sa kayan jika 10 da aka ƙara wa kashi 20 suka zama 12, in aka rage musu kashi 20 ba sa komawa 10, sai 9,600.

Abu na uku shi ne daidaito, wato cewa alaƙar da ke tsakanin abu biyu tana nan yadda take ko an ƙara ko an rage. Ita ce ƙa'idar ukun yaronka: an ba ka lambobi uku, ka nemo ta huɗu. Kafin ya taɓa alƙalami ya tambayi kansa, in na ninka wannan biyu, wancan zai ninku biyu ne ko zai koma rabi?

In tare suke tafiya, a raba a samo na guda, sannan a ninka. Tiya 6 sefa 4,200, nawa ne tiya 15? Guda 700, sau 15, 10,500. Mota na shan lita 8 a kilomita 100, zuwa Damagaram lita nawa? 8 sau 240 gida 100, lita 19 da ɗan abu, sai a sayi 20 da ƴan kai.

In kuwa saɓani suke yi, ninkawa ake fara yi a samo jimillar aikin, sannan a raba. Mutum 6 sun nome gona a kwana 10, aikin yinin mutum 60 ne. In an yi gayya mutum 15 suka fito, 60 gida 15, kwana huɗu. Buhun dusar da ke kai awaki 8 kwana 15 ciyarwa 120 ce, in awakin sun zama 12, kwana 10 za ta yi. Yaron da ya haddace "a ninka a gicciye" bai yi waccan tambayar ba, shi ne zai rubuta cewa mutum 15 za su yi kwana 25, bai kuma ji komai ba. A koya masa ya kalli amsar ya ga ko hankali zai ɗauka.

Tunda kana noma, bari in daɗe kaɗan a kan taki da feshi, don nan ne kuskuren lissafi ke cin kuɗi da amfanin gona tare. Hanyar sa taki kaɗan-kaɗan a gurbin shuka, wadda masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta duniya da ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, suka yaɗa tare da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, tana cewa gram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane gurbi, ko gram 2 na takin DAP. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. In tazarar shuka mita ɗaya ce ta kowane gefe, gurbi 10,000 ne, ke nan kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP. Me ya sa 2 ta tsaya a madadin 6? Lambobin da ke jikin buhu kashi cikin ɗari ne. NPK na da 15 na sinadarin fosfor, kilo 60 sun ƙunshi kilo 9. DAP, wanda aka rubuta wa 18-46-0, na da 46, kilo 20 sun ƙunshi 9.2. Kusan abu ɗaya ne ke isa ƙasa, nauyin buhun ne ya bambanta. Haka in ana maganar azot, mai sa ganye ya yi kore: buhun NPK mai kilo 50 na da kilo bakwai da rabi, buhun yuriya mai kashi 46 na da kilo 23. Ta wannan fuskar buhun yuriya guda ya kai na NPK uku, sai dai ba shi da fosfor ko fotas ko kaɗan. Mai gwada farashin taki da nauyin buhu kawai bai gwada komai ba.

Yanzu a ce ka matse tazara daga mita ɗaya zuwa santimita 80 ta kowane gefe. Da ido, ɗaya cikin biyar kawai ka rage. Amma kowane gurbi yanzu murabba'in mita 0.64 yake ci, 10,000 gida 0.64 ya ba da gurbi 15,625, takin ya tashi daga kilo 60 zuwa kusan 94. Buhu ɗaya da ɗan ƙari ya koma kusan biyu. Fili yana da tsawo da faɗi, don haka duk abin da ka yi wa tazara sau biyu yake shiga lissafi. Gonar da ke da mita 50 a kan 50 ba rabin mai 100 a kan 100 ba ce, kwatarta ce. A kuma kula da takardar da ta zo daga Najeriya in ta ambaci eka: hekta guda kusan eka biyu da rabi ce.

Feshi kuwa, takardar magani takan faɗi yawansa a hekta, kai kuma famfon goyo mai lita 15 ko 16 ne a hannunka. Abin da ya haɗa su shi ne yawan ruwan da mai feshin ke zubarwa a hekta, kuma wannan sai an gwada. A auna fili mita 20 a kan 25, murabba'i 500, ɗaya cikin ashirin na hekta. A cika famfo da ruwa zalla, mai aikin ya fesa da irin tafiyar da ya saba, a ga abin da ya ragu. In lita 10 ya ci, hekta za ta ci 200. Famfo mai lita 16 zai cika sau 12 da rabi. In takarda ta ce lita ɗaya a hekta, mililita 1,000 gida 12.5, mililita 80 a kowane ciki. In wani mai saurin ƙafa ya karɓi famfon, ya ci lita 8 a wannan filin, hekta ta koma lita 160, ciki 10, mililita 100 a kowane. Ka ga "murfi biyu a famfo" da maƙwabci ya faɗa maka awon ƙafarsa ne da bakin famfonsa. In magani ya gaza ƙwari su rayu su saba da shi, in ya zarce ganye ya ƙone, abin da za a ci kuma ya ɗauki guba. A auna da sirinji ko kofin awo, ba da murfi ba.

Gishirin zawo na yara ma haka: ƙunshi guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in haka aka rubuta a jikinsa. Wadda ta zuba shi a rabin lita ta ninka gishirin biyu, kuma wannan na iya cutar da yaron.

Saura wuraren da daidaito ba ya aiki, ko da lambobin sun yi kama da masu aiki. Gwajin farko: in wannan ya zama sifili, wancan ma zai zama sifili? Mai mota ya ce jika 5 kuɗin tashi, sannan sefa 500 a kowane buhu. Buhu 10 jika 10 ne, amma buhu 20 jika 15 ne, ba 20 ba, don jika biyar ɗin nan ba ta ninkuwa. Kuɗin kowane buhu ya sauka daga 1,000 zuwa 750, dalilin da ya sa ƴan kasuwa ke haɗa lodi ke nan. Gwaji na biyu hankali ne. Mutum biyu na gina rijiya a kwana 20, mutum 40 ba za su gina ta a yini guda ba, ramin ba zai ɗauke su ba. Ninka taki biyu ba ya ninka damman hatsi biyu, akwai inda ƙasa da ruwan sama ke tsayar da shi, in ruwa ya yi ƙaranci ma takin ya ƙona shukar. Maganin babba kuma ba a raba shi biyu a ce ya zama na yaro. Likita ne ke auna shi bisa nauyi da shekaru.

Zakka tana nuna duka biyun. Ta amfanin gona daidaito ce da zarar an kai nisabi: ɗaya cikin goma ga noman damina, dami 70 a fitar da 7, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala da kuɗi, kamar mai jan ruwa da inji a fadamar Gulbi. Ta kuɗi da kayan ciniki ɗaya cikin arba'in ce, jika 25 a kowace miliyan. Ta awaki da tumaki kuwa hawa-hawa take: daga 40 zuwa 120 guda ɗaya ce, daga 121 zuwa 200 biyu. Mai awaki 80 da ya yi ƙa'idar uku zai ce biyu ne a kansa, alhali ɗaya ce.